Kan Hosiyat a Cikin Faifai

Duk wanda ya taɓa cin samsa mai zafi, ɗan burodin nan mai nama a ciki, a unguwannin da ke bayan tsohuwar kasuwar Kokand, da wuya a ce bai ci wadda aka gasa a tanderun Usta Tursunboy ba, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Ginin tanderu sana'arsa ce, ta ubansa ce kuma, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Tun bai kai tsawon tanderun ba aka sa shi taka yumɓu da ƙafa, ana watsa masa gashin akuya yana cuɗawa. Ya taɓa barin sana'ar. A zamanin Tarayyar Sobiyat ya yi aiki a wata masana'antar matse man angurya, har da hular ma'aikata da takardar yabo. Da masana'antar ta mutu sai ya dawo gida, ya tuɓe takalmi, ya koma cikin laka kamar jiya ya fita.

Mutum ne mai sanyin magana. In ka tambaye shi abu, sai ya goge hannu a jikin wando tukuna, ya dubi ƙasa, sannan ya amsa. Wayar shafa da 'yarsu Mohira ta tilasta masa riƙewa ba ta cika jin yatsunsa ba, don laka ta mai da fatarsu kamar ɓawon gyaɗa. Yakan shafa sau biyu, in ta ƙi sai ya miƙa wa matarsa.

Ita kuwa matar, Hosiyat, duk maganar da ya rage ita ke ƙarasawa. A ƙofar gida take sana'arta. Da safe za ka same ta ta naɗe hannun riga, ta zura rabin jikinta cikin tanderu tana manna samsa a bango, bakinta bai daina magana ba, muryar tana fitowa daga ciki kamar daga rijiya. Haka suka tsufa tare, shi yana gini, ita tana gashi.

A farkon kakar inabi abin ya fara. Ta sunkuya cikin tanderu kamar kullum, sai duniya ta juya mata. Da ba don wata maƙwabciya da ta zo saye ta cafko ƙugunta ba, da labarin ya zama wani. Ta tsira da ƙuna a hannu. Daga ranar, in ta juya a shimfiɗa sai rufin ɗaki ya kama gudu, in ta ɗaga kai za ta ɗauko abu a kanta sai ƙasa ta zame. Aka kashe wutar tanderu. Gidan ya yi tsit irin wanda Tursunboy bai saba da shi ba.

A asibiti aka ce sai an ɗauki hoton cikin kanta. Aka kwantar da ita a wani siririn gado mai shigewa cikin wata farar na'ura mai faɗin baki. Tana ganinta ta dubi mijinta.

"Baban Mohira, ka gani ko? Na tsufa ina gasa wa mutane, yau ni za a gasa."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a waje yana jin na'urar tana ƙwanƙwasa kamar ana gyaran kwano. Da aka gama aka miƙo masa takarda cike da kalmomin likitoci, da wani faifai a cikin farar ambulan, an rubuta sunan Hosiyat a kai da baƙin alƙalami. Aka ce su nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba.

Mohira, wadda ke aure a Tashkent tana koyarwa a makaranta, ita ta samo likitar, ta hanyar wata gwaggon mijinta. Ta kira uban a waya.

"Baba, likitar ta ce kada a wahalar da Mama da hawan duwatsu tukuna. Ku fara turo hotunan ta Telegiram ta gani."

"Hotunan suna ina?"

"A faifan mana, Baba."

"To."

Da ta kashe ya zaro faifan ya fita tsakar gida. Ya tuna lokacin da ya karye a hannu, likita ya ɗaga wata baƙar leda a hasken taga, ga ƙashi nan ɓaro-ɓaro kowa na gani. Shi ma sai ya ɗaga faifan ya saita rana. Bai ga komai ba sai launuka masu walƙiya da kan hancinsa. Ya juya ɗaya gefen, sunan matarsa ne kawai.

Ya shiga ɗaki ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe na'urar kallon faifai da shi, wadda ba a kunna ta sai in an yi baƙi za a nuna musu bikin Mohira. Ya sa faifan. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, sannan ta rubuta a talabijin cewa ba ta san wannan ba.

Hosiyat tana kwance ta tallafe kai da matashi biyu. Ta ce, "Ita ma ta leƙa ta ga ba za ta iya ba. Ka kai wa Shuhrat, ka daina ɓata wuta."

Shuhrat maƙwabcinsu ne, mai ɗaukar bidiyon biki. Ya doshi hamsin, yana da tumbi, yana rina gashi, kuma a unguwar ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ɗakin aikinsa cike yake da wayoyi da fitilu da furannin roba. Ya karɓi faifan da yatsu biyu, ya hura masa iska.

"Usta, wannan ai aikin shan shayi ne. Kafin ka shanye kofin nan na gama. Allah dai ya ba Yaya Hosiyat lafiya."

Sai da ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, don sababbin ba su da bakin da ake sa faifai. Ta daɗe tana nishi kafin ta farka. Ya danna, jaka ta buɗe. A cikinta wata jakar, a cikin wannan ma wata. Can ƙarshe sai ga fayiloli sun zubo a allo rututu kamar tururuwa, dukkansu fari fat, sunayensu haruffa biyu da lambobi.

Shuhrat ya matso da fuska. Ya ja baya. Ya sake matsowa.

"Lafiya?" in ji Tursunboy.

"Lafiya lau. Kawai dai... ka ga, Usta, kowane fayil da wutsiyarsa. Ɗigo ne da 'yan haruffa a ƙarshen sunansa. Da ita ake gane wannan hoto ne, wancan waƙa, wancan fim. To waɗannan ko wutsiyar ba su da ita."

"An yanke musu ne?"

"Haka aka haife su, da alama."

Ya danna ɗaya. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu. Tursunboy ya tambayi me ta ce.

"Tambaya take, wai da wace manhaja za ta buɗe shi."

"Ita ke tambayarmu? To mu da muka zo tambayarta fa?"

Shuhrat ya ci gaba da gwaji. Ya ba manhajar kallon hoto, ta ce ba nata ba ne. Ya ba wadda yake haɗa bidiyon biki da ita, wadda yake alfahari da ita a gaban kowa, ta yi tunani mai tsawo ta dawo masa da shi. Har ta sauraren waƙa ya gwada, ya ƙara murya, suka kasa kunne su biyu suna jiran jin abin da ba su sani ba. Shiru. Sai ya kwafo ɗaya gefe ya liƙa masa wutsiyar hoto da hannunsa.

Tursunboy ya ce, "Shuhrat, ni ban san aikinku ba. Amma don ka rubuta masa hoto a gindi, shi ke nan sai ya zama hoto?"

"Wani lokaci yana zama."

Bai zama ba.

A wata jakar daban akwai wani fayil guda mai ɗan zane shuɗi, shi kaɗai ne mai launi a duk faifan. Tursunboy ya nuna shi da yatsa, ya ce wannan fa, ai ya fi sauran kyan gani. Shuhrat ya kama masa hannu kamar zai taɓa garwashi.

"Kul! Irin waɗannan su ne masu ɗauke da cuta. Bara na danna irinsa, ya cinye min bikin 'yar wani mahauci tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Har yau ba na bin layin nama. Wannan ko kallonsa kada ka yi."

Shayi ya huce, aka sake wani. Daga ƙarshe Shuhrat ya ce bari ya gwada manhajar rubutu, wai ita ba ta ƙin kowa. Ba ta ƙi ba kuwa. Allon ya cika da tarkace: ƙananan akwatuna, alamomin tambaya, haruffa a kife, wasu ƙugiyoyi da ba na harshen kowa ba. Tursunboy ya sa tabarau yana bi da ido a hankali. Can a tsakiyar tarkacen ya ci karo da abin da ya iya karantawa. Sunan matarsa ne, da na ubanta, da shekarar haihuwarta. Daga nan tarkace ya ci gaba har ƙasa.

Ya cire tabarau ya sake mayarwa.

"Abin da ke cikin kanta ke nan?"

"A'a, haba Usta! Wato... eh, daga ciki yake. Amma ba haka yake ba."

"To yaya yake?"

Shuhrat ya sosa ƙeya. Ya ce a ganinsa faifan ne ya lalace, a koma asibiti su sake wani.

Da ya koma gida Hosiyat ta tare shi da ido tun daga ƙofa.

"Me aka gani?"

"An ga sunanki."

"Sunana? Na shiga wannan rami ana ta buga min guduma a ka don a gaya min sunana? Ai da ka tambaye ni."

Washegari ya hau motar haya zuwa asibiti. Tagar da ake karɓar sakamako cike take, kowa da ambulan ɗinsa yana miƙawa ta saman kan wani. Da kyar ya kai gaba. Matar da ke ciki tana riƙe da waya a kafaɗa tana rubutu. Ya fara bayani tun daga wutsiya, ta karɓi faifan ta sa a kwamfutarta, ta leƙa, ta zaro ta miƙo masa.

"Baba, faifanku lafiyarsa ƙalau. Dikom ne, sai da manhajarsa. Na gaba!"

Kafin ya buɗe baki wani mai faɗin kafaɗa ya riga ya shiga gabansa. Cikin hayaniyar, kalmar ta faɗo kunnensa a matsayin dehƙon, wato manomi a bakin mutanen garin. Ya fito yana juya ta. Manomi ne, sai da manhajarsa. Wane ne manomin? Faifan? Ko shi? Ya dubi wandonsa mai tabon laka, ya ji wani abu ya ɗan soke shi. Ashe yarinyar nan baƙauye ta ɗauke shi. Shi da aka haifa a tsakiyar Kokand, bai taɓa riƙe fartanya ba sai don haƙar yumɓu. Amma kuma ba ta yi kama da mai zagi ba, har Baba ta ce masa. Bai hau mota ba, da ƙafa ya dawo, ya bi ta wajen masu sayar da kankana yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, kamar a cikinsu akwai wanda ya san zancen.

Shuhrat yana cin abincin rana ya same shi.

"Sun sake maka?"

"Sun ce lafiyarsa ƙalau. Wai sai an samo ta manomi."

Shinkafa ta sarƙe Shuhrat. Ya yi tari har da hawaye, yana dukan tebur.

"Manomi! Usta, kan Yaya Hosiyat ne ko gonar auduga?"

"Abin da ta ce ke nan. Da kunnena na ji."

Duk da dariyar, Shuhrat ya wanke hannu ya tambayi intanet manhajar manomi. Aka kawo masa tarakta, da farashin taki, da yadda ake feshin tumatir. Ya sake tambaya da Rashanci, aka kawo masa wasan yara na kiwon kaji. Dariyar ta ƙare. Suka zauna suna kallon tarakta.

"Bari in kwafe maka komai a waya," in ji Shuhrat da sanyin murya, "ka kai wa wani a cikin gari. Akwai wani a bayan gidan waya, ba na shiri da shi, amma..."

Ya koma farkon faifan don ya kwashe. A nan, sama da jakunkunan, akwai wani fayil shi kaɗai da sunansa da manyan haruffa, wanda jiya suka tsallake ba su ko dube shi ba. Shuhrat ya tsaya. Ya karanta a fili, gaɓa-gaɓa.

"Di... kom... Usta! Sake faɗin abin da ta ce."

"Dehƙon."

"Dikom! Ga manominka nan!"

Ya rubuta kalmar yadda take. Nan take shafuka suka zubo. Ya karanta yana motsa leɓe, yana fassara wa Tursunboy guntu-guntu. Wai irin fayil ɗin da na'urorin asibiti ke ajiye hotuna ke nan, ba ya buɗuwa da manhajar hoto ta gida, sai tasa ta musamman. Wai kuma sau da yawa asibitoci sukan sa manhajar a cikin faifan, a wata jaka daban. Yana kaiwa nan ya daina fassara.

"Ci gaba mana," in ji Tursunboy.

"Shi ke nan."

"A cikin faifan ka ce?"

Shuhrat ya buɗe jakar jiya. Ga ɗan shuɗin nan yana zaune inda suka bar shi.

"Mai cutar?"

"Ni ban ce tabbas yana da ita ba. Cewa na yi irinsu."

Duk da haka sai da ya tashi ya cire duk wata waya da ta haɗa tsohuwar kwamfutar da inda yake ajiye bukukuwan mutane. Ya dawo ya zauna, ya yi bismilla, ya danna, ya janye hannu da sauri.

Allon ya yi baƙi. Tursunboy ya ce a ransa shi ke nan, ya jawo wa bawan Allah asara. Sai wasu rubuce-rubuce suka fito a gefe, sannan a tsakiya wani abu mai launin toka ya bayyana, zagayayye, mai lanƙwashe-lanƙwashe a ciki kamar an raba kabeji biyu. Shuhrat ya murza ɗan gargaren linzamin kwamfutar. Abin ya motsa. Ya ƙara faɗi, lanƙwasar ta sauya, kamar ana yanka shi faifai-faifai daga sama zuwa ƙasa. Ya ci gaba da murzawa. Kwatsam sai ga ƙwayoyin ido biyu sun fito a gaba, farare, ba fatar ido, ba gira.

Tursunboy ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya yi salati. Shekara da shekaru yana kallon idanun nan, cikin fushi da cikin dariya, bai taɓa tunanin haka suke zaune a ciki ba, kowanne da 'yar igiyarsa a baya.

"Ita ce?"

"Ga sunanta nan a sama."

"Wannan ba ta yi kama da kowa ba."

Suna cikin haka aka turo ƙofa. Hosiyat ce, tana dafe da bango, ta gaji da jiran mutumin da ya fita tun safe bai dawo cin abinci ba. Suka yi yunƙurin tare allon, ta ce su matsa. Shuhrat ya ba ta kujerarsa. Ta zauna a hankali ba ta juya wuya ba, ta ƙura ido.

"Wannan ne kaina?"

"Shi ne, Yaya."

"To kau da kai, marar kunya, ba ka ga ba ɗankwali ba?" Ta dubi mijinta ta gefen ido. "Kai kuma da kake cewa ba komai a ciki, ga shi nan cike taf."

"Ni ban taɓa cewa ba."

"Da ido kake cewa."

Ta sa Shuhrat ya murza. Ya koma sama a hankali. A daidai tsakiya wani farin abu ya buɗe, mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, fari tas a cikin toka. Shuhrat ya tsaya a kai. Ya murza gaba, abin ya ƙanƙance, ya dawo baya, ya sake buɗewa.

"Wancan fa?" in ji Hosiyat.

Shuhrat, wanda bai taɓa rasa ta cewa ba, ya kama gyara furen roba a kan tebur.

"Babba ne," ta ce. Muryarta ta sauka. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce a tura wa Mohira, ita za ta koma gida ta kwanta.

Shuhrat ya ɗauki wayar Tursunboy ya yi ta ɗaukar allon hoto, yana murzawa yana ɗauka, farin abin nan kuwa ta kowane gefe sai da ya ɗauke shi. Aka tura. Bayan la'asar saƙon murya ya shigo daga Mohira, suka saurara tare.

"Baba, na nuna wa likita. Ta ce waɗannan ba za su yi mata amfani ba, hasken taga ya rufe rabi, wani ma tumbin Kawu Shuhrat ne ya fito a ciki. Wai ba sai kun buɗe ba. Ku kwaso duk abin da ke faifan yadda yake ku turo, ita tana da abin buɗewa a wajenta."

Tursunboy ya sa aka sake kunna saƙon. Ya zauna a bakin gadon da ke ɗakin, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ba sai mun buɗe ba," ya ce.

"Haka ta ce."

"To me ya sa ba ta ce ba tun farko?"

"Ta ce a turo hotuna. Mu muka ɗauka sai mun gan su."

Shuhrat ya tattara fayilolin duka ya ƙulle su a fayil ɗaya, mai zanen jaka da zif. Tursunboy ya leƙa, ya ga wannan da wutsiyarsa, amma wata iri ce dabam. Ya tambayi wa zai buɗe wannan kuma. Shuhrat ya ce ita. Ya ce in ita ma ta ƙi buɗuwa fa? Shuhrat ya ce to sai su sayi tarakta. Wani ɗan layi ya fara rarrafe a allo, bai kai ƙarshe ba sai da aka kira magariba.

Kwanakin jiran sun fi komai nauyi. Ba wanda ya ƙara ambaton farin abin, amma yana nan a gidan. Tursunboy ya gina wani tanderu, da ya ja baya ya duba sai ya ga ya karkace, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ya rushe ya mai da shi laka. Hosiyat kuma ta fara wata irin magana. Wai babbar tukunyar ƙarfe ta Mohira ce, kada a bari matar ƙaninsa ta ɗauka. Wai barguna na cikin akwati an riga an shanya su bana.

"Wa ya tambaye ki barguna?" Ya ɗaga murya, har shi kansa ya ji baƙon abu.

"Ina gaya maka ne don ba ka san inda komai yake ba."

Ya fita ya zauna a gindin inabi, ya daɗe bai shigo ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mohira ta kira, tana magana da sauri har tana haɗiye kalmomi. Likita ta duba duka. Ba ƙari, ba jini, ba komai na tsoro. Tursunboy ya ce farin fa, na tsakiya, mai fiffike? Ta ce ta tambaya, likitar ta ce ruwa ne, kowa yana da shi, har shi. Ya shafa tsakiyar kansa. Ta ce amma likitar tana son ganin Mama da kanta, tana zargin kunne.

"Kunne? Ai ji take kamar zomo. Ko a ɗaki na yi tsaki tana waje sai ta amsa."

"Baba, ku dai zo."

Suka bi ƙaramar motar haya ta hanyar dutsen Kamcik, Hosiyat ta rufe ido tun daga gida har Tashkent. Likitar ƙaramar mace ce mai furfura a goshi. Ta yi 'yan tambayoyi, ta zaunar da Hosiyat a gado, ta riƙe kanta da hannu biyu ta juya shi gefe, sai kawai ta kwantar da ita baya da sauri, kan yana reto a bakin gado. Hosiyat ta ƙwala ihu ta kira uwarta da ta rasu tun tuni. Tursunboy ya yunƙura, Mohira ta riƙe masa riga. Likitar tana kallon idon Hosiyat tana cewa yauwa, ga shi nan. Ta jira, ta juya kan ɗaya gefen, ta jira, ta mirgina ta, sannan ta tashe ta zaune. Ta sake yi. A karo na ƙarshe Hosiyat ba ta yi ihu ba. Ta buɗe ido ta dubi rufin ɗakin, ta dubi bango.

"Ya tsaya," ta ce.

Likitar ta yi bayani tana wanke hannu. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi, kowa da nasa. Nata ne suka ɓalle suka faɗa inda ba wurinsu ba, yanzu an mirgino su gida. Yana iya dawowa, in ya dawo a sake. Ta kwana biyu ba ta sunkuya ba.

Tursunboy ya goge hannu a wando, ya dubi ƙasa.

"Likita, a gafarce ni. Yashin nan, a hoton kika gan shi?"

"A'a, Baba, ba ya fitowa a hoto."

"To hoton fa?"

"Shi ya nuna min abin da babu."

Ya gyaɗa kai don girmamawa, ba don ya gane ba.

A hanyar dawowa Hosiyat ta zauna jikin taga ido buɗe, tana kallon duwatsu tana sukar tuƙin direba. Wani dattijo da ke gaba, wanda ya kai zuma Tashkent yana komawa gida, ya waiwayo ya tambayi me ya kai su birni. Tursunboy ya ce asibiti. Dattijon ya yi addu'a, ya ce me aka samu?

Tursunboy ya gyara zama. Ya ce da farko dai faifai aka ba su, amma ba shi da wutsiya. Dattijon ya ce me? Ya ce wato na'urar ba ta san da me za ta buɗe ba, sai da aka gano mai cutar ne maganin. Dattijon ya dubi direba. Tursunboy ya ƙara da cewa ashe ma ba sai an buɗe ba, don abin yana kunne, kuma ba ya fitowa a hoto.

"Allah ya sawwaƙe," in ji dattijon a hankali. "Kai ne marar lafiyar?"

Hosiyat ta dafa gwiwar mijinta. "Yi shiru, Baban Mohira, kana tsorata mutane." Ta matso gaba ta riƙe kujerar dattijon. "Bari ka ji, Malam. Ni ce. Da safe ne, na ɗora wuta, na sunkuya zan manna samsa..."

Ba ta kai ƙarshen labarin ba sai da motar ta sauko kwari.